Ranar da Kefas Ya Tsallake Liya

Jatau ya jingine fartanyarsa a jikin rumbu, ya kira babbar 'yarsa da cikakken sunanta, abin da ba ya yi sai magana ta yi nauyi.

"Dinatu 'yar Jatau, zo ki durƙusa nan."

Ta fito daga ɗakin kakarta da ƙwaryar ruwa a hannu, idanunta jajur, domin ƙanwarta Liya na kwance a ciki, jiki kamar garwashi.

"Daga yau babu ke babu Kefas," in ji Jatau. "Kayan gaisuwar da iyayensa suka kawo, mayarwa za a yi."

"Baba, me ya yi?"

"Kin sani."

"Wallahi ban sani ba, Baba."

"To bari in faɗa, tun da kina so ki ji daga bakina. Maye ne. Ba zan haɗa jini da maye ba."

Ƙwaryar ta suɓuce daga hannunta, ruwan ya malala har ƙafar mahaifinta.

Wannan ya faru ne cikin marka, a daminar alif ɗari tara da hamsin da shida, a wata unguwar manoma da ke bayan Samaru. Kefas, saurayin da aka yi wa alkawarin Dinatu, ɗan wani manomi ne daga kudancin Zazzau. Ya yi karatu a makarantar mishan, sa'an nan ya kama aiki wurin wani Bature, Likita Martin, mai ɗakin bincike da 'yan gadajen jinya a Sabon Gari, gefen Dogarawa.

Tambaya ɗaya ce ta hana Likita Martin sakat. Zazzaɓin cizon sauro yakan kayar da babba ya tashi, amma yakan ɗauke yaro. Ya yi zaton akwai wani abu a jinin manya wanda ya koyi faɗa da cutar. Idan aka gano shi, wata rana za a yi wa yara lamba, kamar yadda ake yi ta agana, su tsira tun kafin sauro ya same su. Saboda haka Kefas yake zaga ƙauyuka a kan keke, yana taɓa saifar yara, yana ɗan soka yatsun manya da ƙanana, ya shafa ɗigon jinin a kan gilashi, ya koma ya duba a madubin likita.

Abin da ya jawo masa bakin jini kuwa magana ce ta gaskiya, wadda ya faɗa da kyakkyawar niyya.

Bayan ya duba jinin yaran unguwar, ya zo da la'asar ya tarar da Jatau a gindin ɗorawar ƙofar gida. Doguwa, mahaifiyar Jatau, na gefe tana kaɗi.

Ya durƙusa ya ce, "Baba, na duba cikin jinin Liya, na ga abin da ke ciki. Suna da yawa. Ku ba ni ita kafin su kayar da ita."

Mazari ya tsaya a hannun Doguwa.

"Ka ga cikin jikinta?"

"Na gani, Kaka, da idona."

"Kuma ka ce a ba ka ita?"

"I, Kaka."

Tsohuwar ta koma kan kaɗinta. Amma duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san wane ne yake ganin cikin jikin mutum, kuma wane ne yake roƙon a ba shi yaro. Liya kuwa a lokacin tana can tana carafke da ƙawayenta, lafiya lau. Ƙwayoyin maganin da Kefas ya bari, Doguwa ta haƙa rami ta binne su. Ba a yi mako ba yarinyar ta faɗi.

Sauran aikin Julius ne ya ƙarasa shi. Akawu ne a wani kamfanin sayen auduga a Sabon Gari, ya taɓa neman Dinatu ta ce ba ta so. Da ya ji labarin, sai ya bi gidajen unguwar da gaisuwa da tausayi, yana tambaya a hankali, "Wai ina jinin da ake kwasa yake zuwa?"

Dinatu ta rarrafa ta kama ƙafar mahaifinta.

"Baba, kai fa mai baftisma ne. Ranar Lahadi kai ne kake ɗaga waƙa a majami'a."

"Na yi baftisma," in ji Jatau, "amma ruwan bai wanke abin da idona ya gani ina yaro ba. Na binne 'ya'ya kafin ke, na binne bayanki. Liya ce auta. Ki bar ni."

"To a kai ta wurin Likita."

"A kai ta inda aka ajiye jininta? Inna ta yanke magana. Sai ya zo ya tsallake ta a gaban jama'a, ya saki kurwarta. In bai zo ba, mun san abin da yake nufi."

Dinatu ta san al'adar sarai. Wanda aka zarga da maita yakan tuɓe riga a tsakar gida, ya tsallake marar lafiya, ya sakar masa kurwa. Wanda ya tsallake ya amsa sunan ke nan, shi da zuriyarsa. Ba a ba shi mata, ba a sha da ƙwaryarsa.

Da gari ya waye Liya ta fara jijjiga, idanunta suna kafewa, ko ruwa ba ta haɗiya. Dinatu ta ɗaura ɗankwali, ta fita ta bayan gida ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Ta bi hanyar Hanwa cikin taɓo, ta ƙetare layin dogo, ta ratsa hayaniyar Sabon Gari inda kowa yake magana da bakin garinsu, har ta isa ɗakin binciken, zaninta jiƙe da raɓa da laka.

Kefas na sunkuye a kan madubi. Da ya ɗago ya gan ta, sai ya miƙe da sauri har kujerar ta faɗi.

"Liya?"

"Tana nan da rai. Amma tana shiɗewa. Kefas, ba ni maganin in ɓoye a zani, in ba ta a asirce."

"Tana haɗiya?"

"Ba ta haɗiya."

"To ƙwaya ba za ta yi ba. Sai allurar kwinin, kuma Likita ne yake yin ta. Dole a kawo ta nan yau."

"Ba za su bayar ba." Ta fashe da kuka. "Sun ce kai maye ne. Sun ce sai ka tsallake ta."

Kefas ya juya wajen teburinsa. Sa'an nan ya ɗauko wani ɗan gilashi daga cikin akwati, ya sa a ƙarƙashin madubin, ya murɗa.

"Zo ki gani, kafin in haɗa kayana. Jinin Liya ne."

Ta share hawaye, ta rufe ido ɗaya kamar yadda ya nuna mata. Da fari ba ta ga komai ba sai haske. Can sai ga wasu abubuwa zagayayyu birjik, kamar ƙosai a faranti, a cikin waɗansu kuma akwai 'yan ƙananan zobba masu shuɗi.

"Zobban nan su ne cutar," in ji shi. "Sauro ne ya zuba su. Abin da na gani ke nan, Dinatu. Ba ni da wani ido ban da wannan."

"To ka zo da shi ka nuna musu!"

"Su taru, su yi layi, su yi gardama, a kira dattawa? Liya ba ta da wannan lokacin."

Ta kama hannun rigarsa da hannu biyu.

"Kefas, in ka tsallake, ka rasa ni. Ka sani? In ta mutu za su ce ka cinye ta. In ta tashi za su ce ka sake ta. Ko ta ina babu mu."

"Na sani."

"Kuma za ka yi?"

"Me kike so in yi?"

"Ban sani ba! Ina son ƙanwata. Ina son ka. Tun daga Samaru nake roƙon Ubangiji ya nuna mini hanya ta uku, bai nuna ba."

"Da za ki iya zama da ni, kina tuna cewa na tsare sunana na bar ta?"

Ta girgiza kai, hawaye na ɗiga a kan hannunsa.

"To kin amsa," in ji shi a hankali.

Likita Martin ya fito daga ɗakin jinya yana goge hannu. Dogon mutum ne mai furfura, yana jin Hausa irin ta littafi. Da aka gaya masa, fuskarsa ta yi ja.

"Wannan ba adalci ba ne. Zan je da kaina. Ko kuwa in aika wa dagaci."

"Ranka ya daɗe," in ji Kefas, "in suka hangi farar fata za su shige da ita cikin dawa. In kuma aka ɗauke ta da ƙarfi, babu ƙauyen da zai sake miƙo mana yatsa. Kuma wa zai tsaya wa yaran da ke kwance a nan?"

"In ka tsallake, kai ma ba mai sake miƙo maka yatsa."

"Sai ka nemi wani mai tsabtataccen suna, in koya masa. Ni sai in zauna a nan ina duba gilashi. Aikin ba zai tsaya ba."

Baturen ya ajiye tsumman goge hannunsa. Sa'an nan ya ce, "Tafi. Zan dafa allura in jira."

Rana ta take tsaka lokacin da suka isa. Dinatu ta sauka daga keken tun daga nesa, ta shiga ta bayan gida. Labari ya riga su. Tsakar gidan Jatau ya cika da mutane, har da waɗanda suka baro noma da laka a gwiwa. Julius na tsaye a inuwa da farar riga da takalmi mai sheƙi.

Aka fito da Liya aka shimfiɗe a kan tabarma. Doguwa ta zauna a wajen kanta.

Kefas ya shigo ya durƙusa ya gai da Jatau. Jatau ya kau da kai.

"Baba, na zo in yi abin da kuka ce. Amma ina da sharaɗi. In na tsallake ta, za ku bar ni in kai ta Sabon Gari."

"Kun ji?" in ji Julius. "Har ciniki yake yi da ran yarinya!"

"Malam akawu, ba da kai ake ba," in ji Doguwa. Ta dubi Kefas. "In ka saki kurwa, jiki namu ne, mu kai shi inda muka ga dama. Ni zan raka ta. Na rantse da kabarin ubana."

Kefas ya cire takalmansa. Ya tuɓe rigar kakinsa ya ninke, ya ɗora a kansu, ya tsaya daga shi sai gajeren wando a gaban surukansa da matan unguwa. Wasu matan suka rufe fuska. Dinatu ba ta rufe ba. Ta ga saurayin da ba ya shiga gidansu sai ya gyara wuyan riga, tsaye ba riga kamar ɓarawon da aka kama a kasuwa, kuma ba ta taɓa ganin mutum mai kwarjini kamarsa ba.

Ya ɗaga ƙafa, ya tsallake Liya.

Gidan ya kaure da ihu.

"Ya amsa!"

"Maye ne! Wayyo 'ya'yanmu!"

Mata suka janye yaransu. Wani ya tofa yawu. Julius ya juya yana yi wa mutane bayani da hannu biyu. Jatau ya zauna a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa.

Cikin wannan ruɗani Dinatu ta ga Kefas ya ɗan tsaya kamar wanda ya tuna wani abu. Ya dubi yarinyar, ya sake ɗaga ƙafa ya koma inda ya fito, leɓunansa suna motsi. Ta zaci yana neman gefen da zai ɗauke ta ne. Hawaye bai bar ta ta yi tunani ba.

Doguwa ta ɗago kai ta zuba masa ido, kallo mai tsawo. Sa'an nan ta miƙe ta ce, "Ku ɗora mini ita."

Aka goya mata Liya. Tsohuwar da ba ta taɓa hawa keke ba tun da aka haife ta, ta haye bayan keken Kefas, ta riƙe ƙugunsa tamau.

"In ka kayar da ni, zan nuna maka wadda ta fi maye," in ji ta.

Suka tafi.

Kwanakin da suka biyo baya, Dinatu ta yi su kamar ba ta cikin jikinta. Mahaifinta ya hana ta fita ko da rijiya. Labari yana zuwa ta bakin masu kai itace kasuwa. An ce Liya ta kwana ba ta san inda take ba. An ce ta buɗe ido. An ce ta nemi kunu. Ranar da aka ce ta zauna da kanta, Dinatu ta shiga bayan rumbu ta durƙusa ta yi godiya, ta kuma yi kuka, domin a ƙofar gida ta ji mutane suna cewa, "Kun gani? Da ya sake ta, ga shi ta tashi."

Julius bai ɓata lokaci ba. Ran Asabar da hantsi ya zo da kawunsa da goro da gishiri, aka shimfiɗa tabarmi a gindin ɗorawa, dattawan unguwa suka zauna. Aka kira Dinatu.

"Ga wanda zai rufa mana asiri," in ji Jatau, ba tare da ya dube ta ba. "Bayan abin da ya faru, ba kowa ne zai nemi 'yar gidan nan ba."

Julius ya yi murmushi. "Ni ban riƙe ki da komai ba, Dinatu. Yaudararki aka yi."

Ta durƙusa, ta sunkuyar da kai, ta yi magana da ladabi.

"Baba, iyayena, ku gafarce ni. Akwai abin da ya kamata Malam Julius ya sani kafin a raba goro, kada ya ce an ɓoye masa."

"Faɗi," in ji kawun.

"Laifin Kefas shi ne ya ga cikin jinin Liya. Haka ne?"

"Haka ne."

"To ni ma na gani."

Dattawan suka dubi juna.

"Ranar da na je Sabon Gari ya sa mini jininta a madubi, na duba da idona. Na ga zobba masu shuɗi. In na rufe ido yanzu ina ganinsu. In ganin jini maita ne, ni ma mayya ce." Ta ɗago ta dubi Julius. "Malam, za ka ci tuwon mayya?"

Julius ya ja ƙafarsa baya daga bakin tabarmar. Kawunsa ya miƙa hannu a hankali ya rufe bakin ƙunshin goron.

"Ke!" in ji Jatau. "Kin san abin da kika ja wa kanki?"

"Na sani, Baba. Sunan da ya ɗauka saboda 'yarka, ni ma na ɗauka. Ba zan bar shi ya ɗauka shi kaɗai ba."

Jatau ya ɗaga hannu. Bai kai ga saukewa ba aka ji ƙararrawar keke.

Doguwa ce a baya, ta saki hannu ɗaya tana ɗaga wa mutanen hanya kamar wadda aka haifa a kan keke. Liya na zaune a gaba a kan ƙarfe, ta rame, amma idanunta garau. Kefas ya tsaya can bakin hanya ya sauke su, bai matso ba.

Jatau ya ruga ya ɗauki Liya, ya rungume ta yana kiran sunan Ubangiji.

Doguwa ta ƙaraso tana ɗingishi, ta dubi tabarmi da goro.

"Bikin wa ake yi ban sani ba?"

Aka gaya mata. Ta zauna a kan turmi, ta nemi ruwa ta sha, ta goge baki.

"Jatau."

"Na'am, Inna."

"Kana yaro, in ka tsallake ƙaninka yana kwance, me nake yi maka?"

"Kikan make ni."

"In ce me?"

"Ki ce in mayar, kada ya ƙi tsawo."

Wasu dattawa suka gyaɗa kai. Babu wanda uwarsa ba ta make shi a kan wannan ba.

"To ku saurara, ku da kuka cika gidan nan da ihu kuka ƙi amfani da ido. Yaron nan ya tsallake Liya. Kuna can kuna kururuwa, ya juyo ya mayar. Ni ce a wajen kanta, na ji abin da ya ce. Ya ce, 'Na mayar miki, Liya, ki yi tsawo.'"

Dinatu ta dafe ƙirji. Ta tuna leɓunan da suka motsa.

"Ya mayar?" in ji wani dattijo. "Ai in an mayar, tsallaken ya warware. Babu kurwar da aka saki ke nan."

"Madalla, ashe da sauran mai hankali a unguwar," in ji Doguwa. "Tsallake ya warware tun a tsakar gidan nan, ga kuma yarinya a hannun ubanta tana neman gyaɗa. To me ya tashe ta? Ni na zauna a gefen gadon, na ga allura, na ga Baturen da yaron nan suna karɓa-karɓa a kanta, ba wanda ya ci abinci a zaune."

"Wataƙila wata dabara ce ta mayu," in ji Julius.

"Kai dai ka san dabarun auduga, ka tsaya a nan. Na ga masu tsallake tun kafin a haifi ubanka. Kowannensu sai an doke shi, kuma yana tsallakewa yake gudu. Wannan ya zo da ƙafarsa, ana tofa masa yawu, ya rasa mata, ya rasa suna, abin da ya dame shi a lokacin shi ne kada 'yar mutane ta zama gajera. Wanda yake shirin cin yarinya, ina ruwansa da tsawonta?"

Wata mata ta yi dariya, ta yi sauri ta toshe baki.

"Ni ce na fara wannan magana," in ji Doguwa, "ni zan rufe ta." Ta ɗaga hannunta na hagu. A gwiwar hannun akwai 'yar auduga manne. "Kun ga wannan? Jinina ne na bayar, ba ɗigo ba, cikin kwalba. Sun ce jinin tsofaffi irina, da zazzaɓi ya gaji da mu ya bari, a ciki abin da suke nema yake. In sun same shi za a yi wa yara lamba kamar ta agana."

"Yaushe za a yi lambar, Inna?" in ji Jatau.

"Na tambayi Baturen. Bai yi mini ƙarya ba. Ya ce wataƙila ba zan gani ba, wataƙila shi ma ba zai gani ba, wataƙila sai jikokin Liya. Na ce masa ɗorawar ƙofar gidanmu kakan mijina ne ya bar ta tana tsiro, bai ɗanɗani kalwarta ba, mu ne muke ci. Na ce ya ɗiba. Da an yi lambar nan tun da, Jatau, da ba ka haƙa ƙananan kaburburan da ka haƙa ba."

Jatau ya sauke Liya a hankali. Ya tsaya yana kallon audugar da ke hannun mahaifiyarsa, hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

Kawun Julius ya ɗauki ƙunshin goronsa, ya ce rana ta yi, suna da nisa. Ba wanda ya raka su.

Doguwa ta juya wajen hanya ta ɗaga murya.

"Kai, mijina! Tsayuwar me kake yi a rana kamar mai tallan kananzir? Ka kawo ni gida ka ƙi shigowa?"

Duk wanda ke wurin ya san abin da kalmar take nufi. Kaka ba ta kiran saurayi mijinta sai wanda zai auri jikarta.

Kefas bai motsa ba. Idonsa na kan Jatau.

Jatau ya taka da kansa har bakin hanya. Ya tsaya a gaban saurayin. Sai ya kama kan keken, ya karɓe shi daga hannunsa, ya turo shi zuwa gindin ɗorawa, Kefas na biye da shi. Ya jingine keken, ya nuna masa tabarmar da shi kansa ya tashi daga kai.

Sa'an nan ya juya.

"Dinatu 'yar Jatau."

"Na'am, Baba."

"Tashi ki kawo wa baƙonki ruwa. A ƙwaryata."

Ta tashi ta shiga gida. Da ta fito, don sauri har rabin ruwan ya zube a hanya. Ta durƙusa a gabansa ta miƙa. Kefas ya karɓa da hannu biyu ya sha, ya rage kaɗan. Jatau ya amshi ƙwaryar a gaban dattawan unguwa, ya kafa kai ya shanye sauran.